An yi wa karen gadina fiɗiya, yana lasar ɗinkin kuma ya ƙi kwalar roba: ina mafita?

Magidanci daga Kaduna ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin karnuka, musamman idan akwai likitan dabbobi a wannan zaure. Ina da karen gadi mai shekara biyu da 'yan watanni, ruwa biyu ne tsakanin karen gida da irin manyan karnukan nan na 'yan sanda, nauyinsa kilo 27. Shekaranjiya aka yi masa fiɗiya a wani asibitin dabbobi, domin ya addabe mu da tsallake katanga da daddare yana bin karnuka mata, ya dawo da asuba da cizo a kunne ko a wuya, har maƙwabta sun fara kawo ƙara.

Aikin dai ya tafi lafiya, alhamdu lillahi. An tsaga shi a gaban jakar maraina, tsagar ba ta kai tsawon yatsa ba, aka ɗinke da zare, aka ba mu ƙwayoyin magani na 'yan kwanaki, sannan aka ɗaura masa wata kwalar roba mai faɗin baki wadda ta zagaye kansa, aka ce mu koma bayan mako biyu a cire ɗinkin. To, kwalar nan ita ce ta zame mana matsala. Tun da ya farfaɗo daga allurar barci yake karo da bango da ƙofa, sai ya tsaya wuri ɗaya ya sunkuyar da kai, ya ƙi kusantar kwanon abinci, da dare kuma ya yi ta kuka har ya hana gida barci. Jiya bayan isha'i yara suka ji tausayinsa suka kwance masa ita, ya ci abinci sosai, ya kwanta. Da safe na tarar da shi yana lasar wurin, gefen ɗinkin ya yi ja ya jiƙe, amma ban ga jini ko mugunya ba, zaren ma yana nan bai tsinke ba.

Abin da nake son sani shi ne, shin kwalar nan dole ce, kuma har zuwa yaushe? Me ya kamata in shafa wa wurin? Wani maƙwabcina ya ce baƙin mai yana korar ƙuda, wani ya ce in sayo maganin shuɗi na feshi, wani kuma ya ce aidin. Damina muke ciki, ƙudaje sun yi yawa, shi kuma makwancinsa rairayi ne a gindin mangwaro. Haka nan idan na ga alamar yana jin zafi, zan iya ba shi rabin ƙwayar maganin ciwon jiki da muke da ita a gida? Allah ya saka da alheri.

Tsohon mafarauci daga ƙasar Zazzau ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba shi lafiya. Mu da muka tashi cikin farauta ba mu san wata kwala ba. Kare yakan yi artabu da gyado ya fito da tsaga a cinya, ko beguwa ta soke shi, a cire masa ƙayar, ya koma gefe ya lashe ciwonsa, bayan 'yan makonni ka gan shi a gaba yana bin sawu. Saboda haka ni a ganina, idan abin wuyan nan yana hana shi ci da barci, wahalarsa ta fi amfaninsa, gara ka cire masa ka bar shi da harshensa.

Amma baƙin mai kada ka kuskura. Na ga karnukan da aka shafe da shi saboda ƙazuwa, fatar ta saɓule, suka lashe suka yi ta amai da zawo, wasu ba su tashi ba. Abin da ya kamata ka ji tsoro a wannan lokaci na damina shi ne tsutsa. Ƙudan nan mai sheƙi yana sauka a bakin miki ya yi ƙwai, kafin kwana ɗaya ya cika ya ƙyanƙyashe, sai dai ka ji wari, ka duba ka ga rami yana motsi. Rairayin gindin bishiya kuma, inda kare yake fitsari, can ne wani ƙudan yake zuba ƙwansa, tsutsar ta huda lafiyayyar fata ta shige, ka ga maruru sun fito a ciki da cinya, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Ka ɗauke shi daga gindin mangwaron nan yau ɗin nan, ka kai shi ɗakin da ke da siminti, a riƙa sharewa safe da yamma. Mu dai toka mai laushi muke barbaɗa wa ciwo don ya bushe, ƙuda ba ya son ta.

Likitan dabbobi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka mayar masa da kwalar nan yanzu, kafin ma ka gama karanta abin da zan rubuta, kuma ka gargaɗi yara kada wanda ya sake taɓa ta har ranar da za a cire ɗinki.

Baba mafarauci ya faɗi gaskiya a kan baƙin mai da tsutsa da rairayi, ba ni da abin ƙarawa sai godiya. Inda zan saɓa masa, tare da girmamawa, shi ne batun lasa da toka. Baba, ciwon da gyado ya ji wa kare a daji buɗaɗɗen ciwo ne mai ƙasa da gashi a ciki, kuma a dajin da babu ruwa mai tsabta, harshe yana ɗan rage dattin, shi ya sa ake ganin kamar magani ne. Raunin fiɗiya ba haka yake ba. An aske wurin, an wanke shi, an yanka da wuƙar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, an ɗaure jijiyoyin jinin maraina daga ciki, sannan aka ɗinke nama da fata. Babu wani datti da harshe zai cire, sai dai ya kawo. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, balle karen gadi da ke cin abin da ya samu a tsakar gida, sannan harshensa yana da kaushi, yawu kuma yana jiƙa fatar har ta yi laushi zaren ya yanke ta. Daga lasa yakan wuce zuwa tsinkar zare da haƙoran gaba, wannan kuwa aikin 'yan mintoci ne. A kwanaki biyar na farko babu abin da ke riƙe da bakin raunin sai zaren, domin naman bai fara kama juna da ƙarfi ba, don haka idan ya tsinke sai wurin ya wangale, abin da zai warke a mako biyu ya koma gyambon da za a yi wata ana jinya, wani lokacin ma sai an sake yi masa allurar barci a sake ɗinki. Toka kuwa tana da zafi irin na kanwa, tana cin sabon naman da ke tsirowa, ga ta kuma tana cushewa tsakanin ɗinki.

Kwalar za ta zauna kwana 10 zuwa 14, dare da rana, kuma dare ya fi muhimmanci tunda lokacin ne babu ido a kansa. Mutane da yawa suna yin haƙuri a kwanakin farko, sai a ƙarshen makon farko su ga kare ya warware yana kaɗa wutsiya su cire masa, alhali daidai lokacin ne ƙaiƙayi yake tsananta, saboda gashin da aka aske yana tsirowa, raunin kuma yana haɗewa. Yawancin ɗinkin da ake dawo mana da shi a tsinke, a irin wannan ranar ta tausayi aka tsinke shi. Karon bango da sunkuyar da kai da ka gani ba ciwo ba ne, ruɗewa ce, domin kwalar ta rufe masa gani ta gefe, sauti kuma yana shiga kunnensa ba yadda ya saba ba. Mafi yawan karnuka suna sabawa cikin kwana biyu zuwa uku idan aka bar su da ita, amma duk sanda aka cire aka mayar sai sabon ya koma farko, ya kuma gane cewa kuka yana biya masa bukata. Ka duba ɗaurin: yatsu biyu su iya shiga tsakanin wuyansa da kwalar, ba fiye ba, bakinta kuma ya zarce ƙarshen hancinsa kaɗan, in ba haka ba zai lanƙwasa ya kai ga wurin da ita a wuyansa.

Batun abin shafawa, amsar da ba ta yi wa mutane daɗi ita ce kada a shafa komai. Ɗinki mai tsabta bushewa yake so. Sifirit da haidurojin, wato ruwan wanke ciwon nan mai kumfa, suna kashe ƙwayoyin cuta, amma suna kashe sabon nama tare da su, ga raɗaɗin da zai sa kare ya ƙi yarda ka sake duba shi. Magungunan wanke bayi da na goge ɗaki, da sabulun wanki, duk kada su kusanci wurin. Maganin shuɗin da ake fesa wa tumaki da shanu yana da amfaninsa a buɗaɗɗen ciwo, sai dai yana rina fata, ka kasa gane ko jan yana ƙaruwa ko yana raguwa, don haka kada ka fesa sai likitan da ya yi aikin ya gani ya ce a fesa. Idan ƙasa ko fitsari ya taɓa wurin, ka tafasa rabin lita na ruwa, ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ya huce, ka dangwala da bandeji mai tsabta ba tare da gogawa ba, sannan ka tsane shi. Wanka kuwa babu shi sai an cire ɗinki, kuma kada ruwan sama ya dake shi.

Maganin ciwon jiki na mutane shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin tambayarka. Ibufurofen da diklofenak suna huda cikin kare kuma suna lalata masa ƙoda, ko da a adadin da mutum yake ganin kaɗan ne. Farasitamol ma ba a ba kare shi da ka, sai likita ya auna da nauyinsa, domin idan ya yi yawa hanta yake taɓawa. Mai yiwuwa cikin ƙwayoyin da aka ba ka akwai maganin zafi na dabbobi, irin su meloksikam, wanda ake bayarwa tare da abinci, haɗa shi da na mutane kuwa ninka haɗarin ne. Idan ka ga yana amai, ko kashinsa ya yi baƙi ƙirin, ka dakatar da maganin zafin ka kira asibitin. Idan kuma kana ganin maganin bai isa ba, su za ka gaya wa, kada ka je kemis.

Yadda ka siffanta wurin, ja kaɗan da jiƙewa ba tare da mugunya ba, aikin harshe ne na dare ɗaya, kuma ina sa ran zai lafa cikin kwana ɗaya ko biyu idan an hana shi lasa. Ka ɗauki hotonsa da waya yau, ka sake ɗauka kowace safiya a haske ɗaya, domin ido yana mantawa. Akwai abubuwan da ba sa jiran ranar cire ɗinki: jinin da ke ɗiga ya ƙi tsayawa, bakin rauni ya buɗe, mugunya ko wari, ja mai yaɗuwa da zafi a hannu, ƙin abinci fiye da kwana ɗaya, ko ya wuni ya kwana bai yi fitsari ba. Ka riƙa ɗaga leɓensa kana duba dasashi, idan ya yi fari fat maimakon ja-ja, ga kasala da haki, wannan alamar zubar jini ce ta ciki, ko tsakar dare ne a tafi asibiti. Ɗan tari na kwana biyu saboda bututun da ake zura wa maƙogwaro lokacin aiki, da jinkirin kashi na kwana biyu zuwa uku, waɗannan ba abin damuwa ba ne.

Uwargida daga Jos ta amsa:

Sannu Malam, Allah ya sawwaƙe. Likita ya gama magana a kan magani, ni zan taɓo zaman gida da kare mai kwala, tunda mu mata mu ne muke wuni da shi, kuma na yi jinyar namu irin wannan.

Ƙin cin abincin sau da yawa laifin kwano ne. Idan kwanon yana da faɗi, bakin kwalar yana dukan gefensa kafin bakin kare ya kai ga abincin, idan kuma yana jingine da bango to ba shi da ta yi. Ka nemi ƙaramin kwano wanda zai shige cikin kwalar, ka ɗora shi a kan bulo a tsakiyar ɗaki, na ruwa ma haka, ka cika shi har baki. In ya ƙi duk da haka, babba ɗaya ya kwance masa ita, ya tsaya a kansa riƙe da igiya har ya gama ci, ya mayar nan take. Kada a bar wa yara wannan aikin, domin da zarar hankalinsu ya ɗauke kare ya riga ya juya. Abin da ke taruwa a cikin kwalar na miya da yawu a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma kullum, in ba haka ba ita kanta za ta zama matattarar ƙuda, a kuma leƙa kunnuwansa da ƙarƙashin wuyansa kada ta goge masa fata.

Babban kare yana iya fasa kwalar idan yana bugunta da bango, kuma ba ko'ina ake samun wata ba. Idan haka ta faru, bokitin roba mai laushi yana maye gurbinta. A yanke gindinsa daidai yadda kai zai shige, a naɗe bakin yankan da tsumma da salatif don kada ya yanke shi, a huda ramuka a kewaye, a zarga igiya a ɗaure a jikin bel ɗin wuyansa, a cire marikin ƙarfen. Kwali ba ya kwana biyu a damina. Sai dai bokiti ya fi kwalar asibiti riƙe zafi, kare kuwa da haki yake fitar da zafin jikinsa, don haka ɗakin ya kasance mai iska, kada a kai shi shagon kwano mara taga. Saboda wannan dalilin ne ma ban yarda da masu ɗaure wa kare baki da takunkumi don hana shi lasa ba, domin wanda aka rufe wa baki ba ya haki, ba ya shan ruwa, idan amai ya zo masa kuma yana iya shaƙewa.

Wasu suna sa masa tsohon gajeren wando na yara, a huda wa wutsiya hanya. Yana taimakawa wajen ƙuda da ƙura, amma ba ya hana haƙori, kuma namijin kare yana jiƙa shi da fitsari tunda raunin yana kusa da mafitsara, jiƙaƙƙen ƙyalle a kan ɗinki kuwa ya fi rashinsa muni. Ni na fi ganin amfanin tsohon gidan sauro a ƙofa da taga. Shimfiɗarsa, buhu ne ko tsohon zane, a wanke a shanya a igiya cikin rana tsantsa har ta bushe ƙarau, kada a shimfiɗa ta a ƙasa ko a inuwa, saboda ƙudan da Baba ya ambata yana yin ƙwai a jikin danshin tufafi ma.

Magidanci daga Kaduna ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tun ranar na mayar masa da kwalar, na kai shi ɗakin ajiya mai siminti da taga, na bi dabarar Hajiya ta kwano a kan bulo, yanzu yana ci yana sha, kukan ma ya ragu sosai. Jan da ke gefen ɗinkin ya lafa, wurin ya bushe.

Sai dai wani abu ya taso. Jakar marainan ta kumbura ta kai girman ƙwan kaza, har wani da ya gani yake cewa ai ba a cire komai ba, an karɓi kuɗina ne kawai. Ba ta fitar da ruwa, kuma yana barin in taɓa, amma launinta ya ɗan yi duhu. Jiya da yamma da aka buɗe ƙofa ya kufce ya zagaye gidan da gudu, ya yi tsalle ya dafa katanga kafin a kama shi, ban sani ba ko wannan ne sanadi. Sannan likita, gidan nan da shi muka dogara da dare, yaushe zan iya sakinsa ya koma gadi? Kuma gaskiya ne cewa karen da aka fiɗiye yana zama rago ya daina haushi? Ina tambaya ne domin tun da aka ji labarin aikin ake ta faɗa mini haka.

Likitan dabbobi ya sake amsawa:

Malam, ba a cuce ka ba. A irin wannan aiki ana fitar da maraina ta tsagar gaba a bar jakar a wofi, wurin da ya zama fanko kuwa yakan tara ruwa ko ɗan jini, musamman a babban kare wanda jijiyoyinsa suka riga suka yi kauri, shi ya sa ake ganin kamar suna nan. Gudu da tsallen jiya sun isa su jawo shi, kamar yadda lasar daren da aka kwance masa kwalar ta isa. Yawanci jiki yana shanye ruwan da kansa cikin mako biyu zuwa uku, jakar ta ƙanƙance ta zama 'yar fata. Kada kowa ya soke ta da allura ko reza da sunan fitar da ruwa, domin wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta mayar da ita ƙurji. Idan ya yarda, ka naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ka ɗora na minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana, ba tare da ka jiƙa ɗinkin ba. Tunda launinta ya canza, ka aika wa likitan da ya yi aikin hoto yau, ko ka kai shi ya taɓa da hannunsa, domin daga nesa ba zan iya bambance ruwa da jini ba. Idan kuwa tana ƙara girma cikin sa'o'i, ko ta yi tauri da zafi, ko ta fara tsatsafo, ko ya daina barin ka taɓa, to ba maganar hoto ba ce, a ɗauke shi a tafi.

Akwai tambayar da zan so ka yi wa kanka: karen nan yana fama da kaska? A ƙasarmu kaska tana sa wa karnuka wata cuta da ke rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, kare yana yawonsa kamar lafiyayye, sai an yi masa aiki a ga jini yana taruwa fiye da kima. Idan ka san yana yawan kaska, ko ya taɓa haɓo, ko ka ga ɗigo-ɗigon ja a fatar cikinsa ko a dasashinsa, ka gaya wa likitan ya auna jininsa. Inda ƙaramin asibiti ba shi da kayan awo, asibitocin koyarwa na dabbobi suna yi, kuma na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya shi ne mafi kusa da kai. Tunda kuma ka ce ya daɗe yana bin mata a waje, ranar cire ɗinki ka roƙi a duba gabansa, saboda akwai wani tsiro mai saurin zubar da jini da karnuka ke ɗauka ta hanyar barbara, ya yawaita a cikin masu yawon unguwa, yana kuma warkewa da allurai idan an gano shi. Ka tafi da katinsa na rigakafin haukar kare a duba ko lokacin sabuntawa ya yi, domin mai dawowa gida da cizo ba a wasa da nasa rigakafin.

Gadi sai bayan an cire ɗinki, likita ya ce wurin ya kama. Kafin nan fitarsa ta fitsari da kashi ce kawai, da gajeriyar igiya a hannun babba, sau uku ko huɗu a rana, kuma a ɗaura igiyar kafin a buɗe ƙofa. Kada ka ɗaure shi da doguwar sarƙa a tsakar gida da sunan ya ci gaba da aiki, domin duk wanda ya gifta zai zabura ya fizga, kwalar kuma tana iya sarƙewa. Daga cikin ɗakin ma kunnensa yana aiki, zai yi haushi idan ya ji motsi, wanda ke bayan katanga kuwa bai san a kulle yake ba.

Maganar ragonci ba ta da tushe yadda ake faɗarta. Abin da fiɗiya ta fi ragewa shi ne yawon neman mata da faɗa da maza a kansu, tsaron gida kuwa hali ne da sabo, kuma kare mai shekara biyu ya riga ya kafu a kan nasa. Abin da mutane suke gani su kira ragonci ƙiba ce, domin bukatar jikinsa ga abinci tana raguwa bayan aikin alhali cinsa yana ƙaruwa, don haka idan ya warke ka rage masa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba ci, ka riƙa shafa haƙarƙarinsa, muddin kana jin ƙasusuwan ba tare da dannawa ba to yana daidai. Kada kuma ka yi mamaki idan ya ci gaba da leƙen katanga na ɗan lokaci, saboda sha'awar ba ta gushewa rana ɗaya. Ragowar maniyyi yana zama a jikinsa, yana iya yi wa karya ciki har zuwa kusan mako shida bayan aikin, don haka ko an cire ɗinki, a ci gaba da tsare shi daga fita har wannan wa'adin ya cika.

Tsohon mafarauci daga ƙasar Zazzau ya ƙara da cewa:

Likita, na ji bayaninka a kan ɗinki, kuma na karɓa, tunda mu ba mu taɓa ɗinke kare ba balle mu san halin zare. A kan ciwon daji dai ina nan a kan bakana. Malam, abu ɗaya zan ƙara maka: ranar da za ku koma asibiti kada ka bari ya yi tsalle ya hau bayan mota da kansa, ku ɗaga shi mutum biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a cinya, kuma ku fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, kwalar tana wuyansa har ku shiga wurin likita.